Bakin Bube da Ƙwaƙwalwar Rago

A unguwar mahauta ta Tambuwal, in aka ambaci Bube, bakinsa ake fara tunawa kafin fuskarsa. Kawuna da ƙafafu yake sayarwa, amma abokan sana'arsa sukan ce surutu ne hajarsa, kan rago gyara ne kawai. Yana babbaka yana magana, yana kankara yana magana, in ya ɗauki gatari zai fasa kai kuwa sai waƙa. Waƙar tasa guda ce tun yana saurayi, tun lokacin da masu kalangu ke kaɗa masa ita a bakin mahauta:

Ga kai, ga ƙafa,
Mai kwano shi matso kusa,
Bube ya fasa, Dije ta dafa.

Dijen ita ce Hadijatu matarsa, mai dafa langaɓu a cikin gida. Shekara talatin da fuɗu suna haka, shi ya fasa, ita ta dafa. Ba ta kiran sunansa, Mai Gatari take ce masa. Wata rana da surutun ya ishe ta ta ce, "Mai Gatari, ranar da bakinka yay yi shiru sai na yi sadakar waina." Ya yi dariya ya ce ta fara jiƙa shinkafa. Wannan magana ta daɗe tana cin ta daga baya.

Bayan an gama kaka, wata safiya yana tsugune gaban kan rago, sai gatarin ya suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya juyo zai kira ta, bakin ya karkace. Kwana tara suka yi a asibiti. Aka ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Da suka dawo gida hannun dama na lilo, ƙafar dama sai an ja ta, bakin nan kuwa da ya cika kasuwa, kalma biyu rak suka rage a cikinsa: lafiya lau.

Da su yake komai. In kunu ya ƙona masa harshe sai ya daka tsawa, "Lafiya lau!" Ranar da akuya ta ja hularsa daga kan tabarma ta shiga tauna, ya bi ta da sanda a hannun hagu yana ta ihun lafiya lau har maƙwabta suka leƙo. 'Yan dubiya kuwa su ne suka fi shan ruɗu. Su zo su ce, "Bube, ya jiki?" Ya amsa musu tas. Su ce, "Ina gajiya?" Ya amsa. Su tashi suna hamdala, su fita su baza cewa Bube ya warke sarai.

Hadijatu ce kaɗai ta iya rarrabe su. Akwai lafiya lau ta ruwa, akwai ta ban-ɗaki, akwai ta "wannan baƙon ya daɗe, a sallame shi," akwai kuma wata mai kauri wadda in da an fassara ta da sai an toshe wa yara kunne.

Ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tun da an ce ciwon a kai yake, kuma ga shi ɓarin dama ne ya mutu, ai lissafin a fili yake. Ta kira Sambo wanzami ya aske masa rabin kai na dama ƙwal, ya bar na hagu. Kullum safe da yamma ta narka man shanu da tafarnuwa ta murza a wurin har ya yi ƙyalli. Bube ya riƙa kama hannunta da nasa na hagu yana janyewa zuwa ɗaya gefen, tana fizgewa.

"Tsaya mana! Kai ko da lafiyarka ba ka son magani."

"Lafiya lau," in ji shi, irin mai kaurin.

Ana cikin haka wansa Ɗanmaliki ya iso daga Kebbe a kan babur. Manomi ne, yana da 'yan shanu, kuma tun rasuwar mahaifinsu maganarsa ce magana a dangi. Ya zauna ya dubi ƙanen nasa, rabin kai gashi rabin kai mai, ya yi masa tambaya uku, ya sami amsa iri ɗaya sau uku. Ya girgiza kai.

"Matar Bube, wanga ba ciwon asibiti ba na. An kwashe mai hankali. Gangan jiki ɗai anka bar miki."

"Yaya, hankalinai na nan. Komi kac ce yana ji."

"Yana ji? To bari ki gani." Ya matsa kusa ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma. "Bube! Akwai wani mai magani gaba da Fakku. Wata ukku shika riƙe mutum, ba a zuwa dubiya. In tafi da kai?"

Idon Bube ya yi ja. Ya bugi tabarma da tafin hagu. "Lafiya lau!"

"Kin ji ko? Ya yarda."

Hadijatu ta san hanyar nan, ta san yadda ake ɗaure mara lafiya da rawani a bayan mai babur. Ta san wata uku ba ta gefensa, babu mai gane lafiya lau ta ruwa da ta ban-ɗaki, babu mai ba shi ƙwayoyin hawan jini a kan lokaci. Amma mace ba ta ja da wan miji gaba da gaba. Sai ta sunkuyar da kai ta bi ta bayan gida.

"Yaya, a bari Raliya ta sauka mana. Jikoki shidda, duk shi yar raɗa musu suna. Wanga ma tun cikin na wata biyu yac ce ya aje suna, bai faɗa ma kowa ba. A ɗauke shi kafin suna, mi za a ce da mu?"

Raliya matar autansu Mannir ce, saura mata kamar wata guda. Ɗanmaliki ya shafa gemu.

"To. Ran suna in ya buɗe baki ya faɗi sunan gaban liman, na yarda akwai mutum ciki, na bar miki abinki. In ko lafiya lau yac ce, daga wurin sai Kebbe. Ni zan zo da suna cikin aljihu don kar a ji kunya."

Ya hau babur ya tafi. Hadijatu ta ƙara man shanu a kasko.

Washegari Zulaihat ta zo. 'Yar maƙwabta ce, a sashen gashin ƙashi take aiki a asibiti, takan biyo ta miƙe wa Bube hannu da ƙafa in ta tashi aiki. Ta yi tafiya mako biyu, ba ta ga askin ba. Tana shigowa ta yi turus, ta sa gefen hijabi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Inna, wa yay yi wa Baba wanga gyaran?"

"Ni nis sa. Nan ciwon yake, nan nika shafawa."

"Ai ko kin yi sallama ƙofar maƙwabci. Ciwon Baba a hagu yake."

"Ke ɗiyar nan, hannun dama na ya mutu. Ko makaho ya shafa ya sani."

"Hannun dama, ƙwaƙwalwar hagu."

Hadijatu ta riƙe ƙugu. "Ni za ki koya ma ƙwaƙwalwa? Wadda nif fidda da hannuna ta fi gashin kanki yawa."

"Kin fidda, Inna, amma tukunya kika kai ta. Akwai kai a gidan?"

Akwai, don Mannir ya karɓi sana'ar, kullum yana kawo mata. Hadijatu ta ɗauko kan rago ta ɗora a gungume, ta sara shi a hankali ta gefe yadda ba za ta dame abin da ke ciki ba, ta zaro ƙwaƙwalwar ɗungum ta ajiye a faranti. Bube ya jawo jiki bakin tabarma yana leƙe, don ko ba komai aikinsa ne ake yi.

Zulaihat ta tsinko tsinken tsintsiya ta tsuguna. Ta ce ta mutum ta fi wannan girma nesa, ta fi ta lanƙwasa, amma tsarin gidan kusan ɗaya ne. Lanƙwasar nan kuwa dabara ce, kamar a cusa babban zane cikin ƙaramar kwalla. Ta bi tsagin da ya raba ta biyu da tsinke, dama da hagu. Ta taɓa can baya ta ce nan ake gani, ido taga ce kawai.

"A ƙeya?" in ji Hadijatu. "Shi ya sa in mutum ya faɗi ta baya shika ganin wuta-wuta."

"Kin fara ganewa. Wagga ƙaramar ta ƙasa fa, kin san ta?"

"Wa zai sani in ban sani ba? In an yanka ta kamar reshen itace cikinta. Mai Gatari ita shika fara ci."

"Ita ka daidaita tafiya. Ita ka sa ki ɗauki tulu a kai ba ki zubar ba."

Sai ta nuna ɗan guntun da ya zarce ƙasa ya haɗe da laka. Ta ce wannan ba ya hutu, ba ya barci, shi ke kula da numfashi da bugun zuciya, kuma Allah ya kiyaye, na Baba bai taɓu ba. Ta dawo gaba, wajen goshi, ta ce nan ake shawara, nan ake auna magana kafin a faɗe ta, nan ake danne fushi.

Hadijatu ta duba wurin da kyau. "To wanga wajen, na Yaya Ɗanmaliki bai wuce ƙwayar gero ba."

Bube ya fashe da dariya har da tari. Rabonsa da dariya irin wannan tun kafin ciwon. Zulaihat ta nuna shi da tsinke.

"Kin gani? Wanda anka kwashe ma hankali ba ya gane ba'a."

Daga nan ta zo kan batun. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa jiki, in sun sauko wajen wuya sai su gicciye, kamar igiyar ɗaurin kaya a bayan jaki, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Shi ya sa ɓarin hagu na kai ke juya hannun dama. Kuma ga yawancin mutane, a wannan ɓarin na hagu ake ƙulla magana. Jini ya toshe a nan, sai hannu da baki suka tafi tare.

Hadijatu ta ƙura wa farantin ido. Wani abu ya faɗo mata. Makiyaya sukan kawo tunkiya mai ciwon nan da ke sa ta zagaya wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke. In an fasa kan irin wannan tunkiya akan tarar da ƙullin ruwa a cikin ƙwaƙwalwar, gefe guda. Kafin a yanka, Bube yakan kaɗa hannu a gaban idanunta, ya ga wanne ne ba ya gani, sa'an nan ya ce, "Dije, idon dama ya tafi, ki duba hagu." Bai taɓa kuskure ba.

Ta juya a hankali ta dube shi. "Mai Gatari. Kai ka sani."

Ya kama hannunta da nasa na hagu, ya ɗora shi a kan ɓarin da ba a aske ba, ya danna.

"Lafiya lau," ya ce. Wannan kuwa ko Zulaihat ta gane ta. Ma'anarta, mako biyu ina gaya miki.

Hadijatu ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun. Ta ce bari ta aika a kira Sambo ya aske hagun. Zulaihat ta ce ta bar Sambo ya huta, man shanu ba ya ratsa ƙashi ko ta wane gefe. Amma ta ci gaba da shafawa in tana so, ba don man ba, don hannun.

Da ta ji batun Ɗanmaliki da ranar suna sai fara'arta ta ragu. Ta ce ba za ta yi alkawari ba, don wani bakin yakan dawo, wani ba ya dawowa. Amma maganar tana nan, rumbu ne cike aka toshe ƙofarsa. Kuma ƙwaƙwalwa takan nemi wata hanya, kamar masu babur in ruwa ya cinye hanyar Kebbe, su ratsa ta gonaki.

"Yana salla?"

"Fatiha tas, ko harafi bai bari."

"To kin ji. Abin da anka haddace, da abin da ke da kari, ba hanyarsu ɗaya da hira ba. Waƙa ma ɓarin dama na da hannu cikinta, shi ko na Baba garau yake. Ki gwada shi da waƙa."

Ta gwada a ranar. Ta zauna gabansa ta gyara murya ta fara ga kai ga ƙafa. Allah bai ba Hadijatu murya ba, ita ma ta sani. Bube ya dube ta, ya dubi akuya, kamar yana neman wadda ta yi kukan, sa'an nan ya ja hula ya rufe fuska. Kwana uku tana yi yana rufe fuska. Ta yi fushi ta ce in ya ga dama ya tafi Fakkun, can sai ya sami zabiya.

Rana ta fuɗu tana surfen gero a tsakar gida, ranta a ɓace, ba ta ma san hannunta ya kama wani kari ba. Bugu biyu, ta ɗaga, bugu biyu, ta ɗaga. Karin da masu kalangu ke yi masa ne, wanda shi kuma yake yi da gatari a kan gungume, shekara talatin yana shiga kunnenta. Sai ta ji murya a bayanta, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe:

"Ga kai... ga ƙafa..."

Ba ta juya ba. Ta ji tsoron in ta juya abin zai gudu. Ta ci gaba da bugu, hawaye na sauka cikin geron.

"Mai kwano shi matso kusa. Bube ya fasa, Dije ta dafa."

Wata biyu da kwanaki ba ta ji Dije a bakinsa ba. Geron nan ya daku har ya zama gari, ba a ci tuwon kirki ba ranar.

Daga nan gida ya koma makaranta. Zulaihat ta nuna mata yadda za ta cire baitin ƙarshe ta sa abin da ake so a wurinsa. Ana bugun turmi, shi yana buga gwiwa da tafin hagu. Ga kai, ga ƙafa, ba ni ruwa in sha. Ga kai, ga ƙafa, kunun ga ba suga. Wata kalmar ta fito rana ɗaya, wata ta ƙi har mako. In turmi ya tsaya, bakin ya tsaya, a koma lafiya lau. Maƙwabta suka fara tambaya ko Hadijatu ta bar langaɓu ta koma dakau.

Sunan kuwa ya ƙi bayarwa. Ta lallashe shi, ta ce su gwada ko sau ɗaya don kar ranar ya sarƙe. Ya maƙe kafaɗa. Ta jero masa sunayen maza da na mata kaf, ta ce in ta faɗo daidai ya gyaɗa kai. Kowanne ta faɗa sai ya gyaɗa, yana murmushin rabin baki. Jikoki shida bai taɓa faɗin suna kafin lokaci ba, ciwo kuma bai taɓa wannan ɓarin na taurin kai ba.

Raliya ta sauka ranar Laraba da hantsi, namiji. Ɗanmaliki ya zo barka, aka miƙa wa Bube jaririn a cinya don ya yi masa huɗuba. Ya kai baki kunnen yaron ya yi kiran salla tiryan-tiryan, har Ɗanmaliki ya ɗaga gira. Saura raɗa suna. Ya buɗe baki, ya rufe, jijiyar wuyansa ta tashi. Can ya raɗa wa yaron, kowa na ji, "Lafiya lau."

"To, yaro ya samu suna," in ji Ɗanmaliki. Ya miƙe yana kaɗe riga. "Matar Bube, ki haɗa mai kayanai. Riga biyu sun isa."

Ranar suna, bayan an fito masallaci gari ya waye, maza suka cika tabarmi a ƙofar gida. Mahauta ne rabinsu. An zaunar da Bube jingine da bangon zaure kusa da liman, an sa masa hula ta rufe askin. Babur ɗin Ɗanmaliki na tsaye a gindin dogon yaro, an naɗe rawani a kan sirdinsa.

Mace ba ta zama cikin maza ran suna. Hadijatu ta san da haka tun da wuri, shi ya sa tun jiya ta mirgino turmi ta kafa shi a bayan bangon nan da Bube ke jingine. Akwai wata 'yar kafa inda ruwan sama ya zaizaye ƙasa, ta sa ido a ciki. Aka raba goro da dabino. Liman ya gyara zama ya ce, "Malam Bube, mi anka sa ma yaro?"

Kowa ya zuba wa Bube ido. Leɓensa ya motsa.

"Lafiya lau."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ɗanmaliki ya sa hannu a aljihu ya fiddo 'yar takarda.

Hadijatu ta ɗaga taɓarya. Bugu biyu, ta ɗaga. Bugu biyu, ta ɗaga. Matan da suka cika tsakar gida suka juyo. Wata gwaggon Raliya ta ce, "Ikon Allah, ana raɗin suna kina daka? Mi kika dakawa ma? Turmin ga ba komi ciki!" Ba ta ko dube ta ba. Bango na amsawa, ta san yana ji a bayansa.

Sai muryar ta tashi daga waje, da ƙarfinta, irin ta bakin mahauta:

"Ga kai, ga ƙafa, mai kwano shi matso kusa, Bube ya fasa, Dije ta dafa!"

Mahauta suka kwashe da dariya, wani har da tafi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Ta ji Ɗanmaliki na cewa, "Kun gani da idonku. Ana batun suna shina tallan langaɓu. Liman, ga suna nan, Ubaidullahi, a yi fatiha mu kama hanya."

Hadijatu ba ta tsaya ba. Ta rage sauri kamar yadda suke yi in kalma ta ƙi fita. Bugu biyu, ta jira. Bugu biyu, ta jira. Ta ji wani ɗan sauti yana bin ta, tafin hagu a kan gwiwa.

"Ga kai," in ji Bube. Dariya ta fara lafawa. "Ga ƙafa." Ya tsaya. Ta buga, ta buga. "Sunan... yaro..." Ta buga har kafaɗarta ta amsa. "At-ta-hi-ru."

Ta saki taɓarya ta manna ido a kafar.

Liman ya ce, "Attahiru? Haka kac ce?" Bube ya gyaɗa kai sau ɗaya, ba irin gyaɗawar da yake yi mata ba. Mannir ya dubi na kusa da shi yana tambayar wa ke da wannan suna a danginsu. Babu wanda ya sani. Sai wani tsohon mahauci, sa'an mahaifinsu, ya nuna da sandarsa.

"Ga mai sunan nan riƙe da takarda. Ran da anka raɗa mai shi ina wurin. Kakarsu ta laƙa mai Ɗanmaliki tun yana rarrafe, sunan yanka ya ɓace."

Ɗanmaliki ya tsaya da takarda a hannu. Shekara sittin da wani abu babu wanda ya kira shi da sunan nan, matansa ma ba lalle su sani ba. Ya dubi ƙanensa. Bube ya ɗaga hannun hagu ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa, ta gefen hagu, sa'an nan ya nuna wan nasa.

Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya shelanta, mata suka ɗauki guɗa. Ɗanmaliki ya fyace hanci da bakin riga ya ce hayaƙin babbakar gidan nan ya yi yawa, alhali ko wuta ba a hura ba. Da zai tafi ya tsaya bakin zaure ya yi gyaran murya.

"Matar Bube."

"Na'am, Yaya."

"Turmin ga naki, ki riƙa sa mai ko dussa ce. Kar ya tsage."

Ya kwance rawanin daga sirdi ya naɗa a kansa ya hau shi kaɗai.

Tun da yaro ya ci sunan wan kakansa, babu mai iya kiransa gatsal, dole a nemi laƙabi. Ba a wahala ba. Kafin a yi arba'in duk unguwa Lafiyalau suke ce masa.

Bube ya ƙara damina biyu. Hannun bai dawo ba, amma kalmomi sun riƙa dawowa ɗai-ɗai, har ya kai yana cewa Dije ba turmi. Gashin dama ya tsiro ya kamo na hagu. Ba ta fasa shafa masa man shanu ba, yanzu a gefen da ya dace, ko da yake ta san ba ya ratsa ƙashi. Ciwon ya dawo masa karo na biyu wata Juma'a, wannan karon ya taɓa ɗan guntun nan da ba ya barci. Ranar sadakar uku ta jiƙa shinkafa ta yi waina, kwano biyar, ta raba da hannunta, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Har yanzu tana dafa langaɓu. In ta fasa kai takan zaro ƙwaƙwalwar a hankali ta ɗan dube ta kafin ta sa a tukunya. Ƙaramar ta ƙasa, mai reshen itace, Lafiyalau take ajiye wa. Yaron ya fara magana da wuri, kuma tun da ya fara bai tsaya ba. Wani lokaci yakan ishe ta har ta buɗe baki za ta ce wani abu a kan ranar da bakinsa zai yi shiru, sai ta rufe, ta ƙara masa romo.